Injin ranar Litinin

A ƙasar Amurka, cikin jihar Ayowa, inda gonakin masara suke shimfiɗe har iyakar ganin ido, an yi wata mata wadda ta shekara fiye da hamsin ba ta ɗaga wankin Litinin zuwa wata rana ba, sai fa in haihuwa ko rasuwa ta faɗo a ranar. A hannunta na hagu, tun daga wuyan hannu har gwiwa, akwai tabo mai sheƙi irin na ƙuna. Injin wanki ne ya yi mata shi tana ƙarama, irin na da, mai matse tufafi. Kuma irin wannan injin ne ta riƙe har ƙarfinta ya ƙare, ko da yake ɗiyarta ta sayo mata na zamani ta kawo har gida.

Sai an fara siffanta wa mai karatu abin, in ba haka ba zai yi wuya ya gane inda gardamar gidan ta taso. Tukunya ce babba ta alminiyam mai kusurwa huɗu, tsaye bisa ƙafafu masu ƙananan tayoyi, tana cin ruwa kimanin lita 70. A tsakiyar gindinta akwai wani abu mai fukafukai kamar maburgi, wanda ba ya zagayawa gaba ɗaya, sai dai ya juya dama ya komo hagu, ruwan sabulu ya riƙa ratsa tufafi. A bisa bakin tukunyar an kafa mamatsi, wato gungume biyu na roba, ɗaya kan ɗaya, suna juyawa suna haɗiye duk abin da aka miƙa musu. Wanda ya san injin taliya ya san rabin labarin. Bambancin shi ne, wannan moter ke juya shi, kuma ba ya tsayawa don an ce wayyo. Riga ta shiga ta nan sharkaf, ta fita ta can a danne kamar takarda, ruwan ya gangara ya koma tukunya. Injin ba ya ɗibar ruwa da kansa, ba ya zubarwa, ba ya ɗauraya, bai san lokacin da dauɗa ta fita ba. Duk wannan yana hannun mai wanki.

An haifi matar a shekarun tsananin talauci da suka biyo bayan karyewar kasuwannin Amurka a 1929. A zamanin nan, cikin gidajen gona goma na ƙasar, ɗaya ne kawai ke da wutar lantarki, kuma nasu ba ya cikin masu ita. Mahaifiyarta da allon wanki ta fara zaman aure, wato katako mai fuskar kwano mai tudu da kwari wanda ake dirza tufafi a kai. Ran Lahadi mutanen gida su sa kayan zuwa majami'a, su tuɓe na mako, da dare a jiƙa su. Tun da asubahin Litinin a shiga jido daga pampo, bokiti bayan bokiti, a ɗora bisa murhu, a yayyanka sabulun da aka dafa a gida da kitse da ruwan toka, a tafasa fararen kaya, a dirza, a ɗauraya sau biyu, sa'an nan a matse. Duk macen da ta taɓa matse jiƙaƙƙen bargo ita kaɗai ta san inda wanki yake karya mutum. Zannuwan gado na mutum takwas, da wandunan aikin gona masu kauri kamar buhu, in an gama murɗe su yatsu ba sa iya riƙe cokali.

A cikin jihar nan dai, a garin Newton, akwai masana'antar wani mutum mai suna Frederick Maytag, wanda asalin sana'arsa ƙera kayan aikin gona ce. A 1907 ya soma yin injin wanki na katako mai juyawa da hannu, domin ma'aikatansa su samu abin yi a watannin da ba a cinikin kayan gona. A 1915 kamfanin ya fito da wanda aka ɗaura wa ƙaramin moter mai shan esansi, saboda gidajen da kuran bai kai ba. A 1922 kuma wani gwanin ƙira na gidan, Howard Snyder, ya sauko da maburgin daga jikin murfi ya kafa shi a gindin tukunya, ya zama ruwa ake turawa cikin tufafi maimakon a riƙa jan tufafi cikin ruwa. Ba a yi ƴan shekaru ba kamfanin ya wuce duk abokan gasarsa a Amurka.

Irin wannan mai esansi ne ya shigo gidansu. Dillali ya kawo shi a bayan mota, ya yi wankin gidan kyauta a gaban kowa, ya tafi ya bar shi a gwada. Ya san macen da ta ga Litinin ɗaya ba tare da allo ba, ba za ta bari a fitar da shi ba. Maigida ya saya bashi, yana biya kaɗan-kaɗan da kuɗin ƙwai da madara. Ana haɗa esansi da mai a zuba, a taka wani ƙarfe da ƙafa har ya tashi, in ya ƙi a kwance buji a goge. Hayaƙinsa na iya kisa a ɗaki rufe, saboda haka ana jan dogon tiyo a fitar ta taga. Ƙararsa kuwa tana kaiwa gonar maƙwabta, har ya zama da safiyar Litinin kowace mace ta san wadda ta riga ta tashi da wadda ta makara. Moter ɗin nan dai shi ke kaɗa madara a fitar da man shanu, shi ke niƙa nama, in an ɗaura masa abin da ya dace.

Tana shekara shida abin ya faru. Uwar ta fita shanya da kwando, ta bar mamatsi yana juyawa, abin da ba ta saba yi ba. Yarinyar ta hau akwati, ta tsamo safa ɗaya daga cikin baho, ta miƙa kamar yadda take ganin ana yi. Gungumen suka kama safar, suka kama yatsu, suka haɗiye tafin hannu da sangali, sai a gwiwa suka kasa wucewa. Nan suka tsaya suna juyawa wuri ɗaya suna gurzar fata. Uwar ba ta ji kukan ba saboda ƙarar moter. Abin da ta ji shi ne ƙarar ta sake, ta yi nauyi, kamar an cusa wa injin bargo. Ta yar da kwandon ta sheƙo, ta daki sandar da ke bisa mamatsin da tafin hannu, gungumen suka rabu.

Ƙashi bai karye ba, kuma da farko hannun bai nuna kome ba sai ja. Nan ne yaudarar wannan rauni take. Naman da aka danne yana kumbura ne bayan sa'o'i, jini ya taru a ƙarƙashi, fatar da aka gurza ta mutu daga baya. Yara da yawa sun shiga wannan hali a Amurka, har a 1938 wani likitan yara na birnin Boston ya rubuta bayani a kai, raunin ya samu suna na kansa a littattafan likitoci, ana kiransa da sunan mamatsi. Ita dai ta warke, tabo ya zauna. Uban ya rantse sai ya mai da injin inda ya fito. Uwar, wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba, ta ɗauko tsohon allon ta ajiye a gabansa, ta ce in ya mai da shi, to ga wandunansa can suna jiran sa. Litinin ta zagayo aka ji ƙarar moter kamar kullum.

Kada mai karatu ya ɗauka rashin tausayi ne. Matar nan ta riga ta auna abin da allo yake ci a jikinta kowane mako da abin da injin ya ci sau ɗaya a jikin ɗiyarta, ta ga ba ta da hanyar komawa baya. Abin da ta yi shi ne, da hannun ya warke, ta tsayar da yarinyar a gaban injin ta koya mata shi ciki da bai, ta fara da sandar nan ta ceto.

A 1935 shugaba Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara, a 1936 aka yi dokar ba ƙungiyoyin manoma rance su ja waya da kansu. Yaƙin duniya na biyu ya tsai da abubuwa, har masana'antar Newton ta bar injin wanki ta koma ƙera kayan jiragen sama, amma kafin tsakiyar shekarun 1950 gidajen gona tara cikin goma sun samu kuran. A wannan tsakanin matar ta yi aure, ba nisa da gida. Babban abin da uwarta ta kai mata ɗaki shi ne injin wanki mai matsewa, sabo, mai aiki da lantarki.

Wanda ya ga Litinin ɗinta zai ce aikin ofis ne mai tsari. Da dare ta ware kaya tuli-tuli a ƙasa, daga mafi tsabta zuwa mafi dauɗa. Da safe ta ɗaure gashinta tam da kallabi, ta naɗe hannun riga, ta cire zobe, domin mamatsi bai san gashi da zare ba. Ta cika tukunya da ruwan zafi sau ɗaya, ta kaɗa sabulu, ta jera baho biyu na ruwan sanyi a gefe, na biyun da ɗan bula. Fararen zannuwan gado da rigunan Lahadi su ne ke shiga farko, tun ruwa na da zafinsa da tsabtarsa. Bayan kamar minti goma ta tsamo su da sanda, don ruwan ba ya taɓuwa, ta miƙa wa mamatsi su faɗa baho na farko. Nan take ta zuba tuli na biyu cikin ruwan nan dai. Yana burgawa tana ɗauraya na farko, ta juyo kan mamatsin, wanda ke kewayawa bisa sandarsa, ya tsaya tsakanin baho da baho, ta matse, ta sake juya shi ya tsaya tsakanin baho da kwando, ta matse na ƙarshe. Haka tawul-tawul za su biyo, sa'an nan masu launi, sa'an nan baƙaƙe, sa'an nan wandunan gona, a ƙarshe tsummokara da buhunan da ake goge ƙafa. In kumfa ta kwanta ta ƙara sabulu, ruwan kuwa shi ne na farko. Tuli bakwai ko takwas, kafin rana ta take duk suna kan igiya.

Hannunta yana da ilimin da bakinta ba ya iya faɗa. Maɓallai ana naɗe su ciki, in ba haka ba a ji su suna fashewa ɗaya-ɗaya. Wando ana miƙa shi ta ƙafa, aljihu kuma a kula da bakinsa, don kada ya cika da ruwa ya tsartu a fuska. Zane mai laushi yakan so ya nannaɗe gungume, sai a haɗa shi da tawul ya ja shi. Yatsu kuwa a miƙe suke, a haɗe, suna sakin tufa tun da sauran taƙi. Da aka gama, ta sauke tiyo ruwa ya zuba cikin bokiti: na sabulu a wanke daɓe da shi, na ɗauraya a kai wa tumatir da kabeji. Sa'an nan ta saki gungumen su huta a rabe, don kada robar ta manne, ta goge tukunya ta bar murfi a buɗe. Da hunturu wanduna kan daskare a kan igiya, a shigo da su a sandare kamar ƙyaure, a jingina su kusa da murhu.

Injin da ke yin kome da kansa ya daɗe da fitowa. Kamfanin Bendix ya nuna nasa tun 1937, Maytag ya bi a 1949, kuma cikin shekarun 1960 maƙwabtanta suka riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya. A 1983 aka ƙera mai matsewa na ƙarshe a Newton. A shekarar nan kuma wata malamar tarihi, Ruth Schwartz Cowan, ta fitar da littafin da ya nuna cewa injunan gida ba su rage wa matan Amurka sa'o'in aiki yadda ake zato ba, domin da wanki ya yi sauƙi sai mutane suka koma sauya tufafi kullum. Matar ba ta karanta littafin ba, amma abin da take faɗi ke nan: ita tana wanki rana ɗaya ta huta shida, ɗiyarta kuwa ba ranar da injinta ba ya kuka.

Sai dai gaskiya ba ta ƙare a bakinta ba. Ɗiyar ma'aikaciya ce a gari, ƙarfe takwas tana ofis. Injin da za ta cusa wa kaya ta murɗa ta kulle gida ta tafi, shi ya ba ta damar cin albashi. Mai matsewa ba a barin sa ko na minti ɗaya. Rabin yini yake nema cur, da mace tsaye a kansa. Ɗiyar ta tashi tana ganin tabon nan a kan teburin abinci kowace rana, kuma da ta tara kuɗi, abin da ta fara saya shi ne sabon inji fari fat, ta sa aka kafa wa uwar. Uwar ta yi godiya, ta lulluɓe shi da zane, ta ɗora tukunyar fure a kai.

A 1988 aka yi fari mai tsanani a tsakiyar Amurka. Masara ta ƙone a tsaye, kogin Misisipi ya ja baya har jiragen dakon hatsi suka riƙa kafewa, rijiyoyi marasa zurfi suka soma ba da laka. A nan lissafi ya fito fili. Injin zamani na lokacin yana shan kimanin lita 150 a wanki ɗaya, ya zubar. Tuli bakwai sun haura lita 1000, wato tano biyar. Tsohon injin da bahonsa biyu, tano ɗaya ya ishe su wankin mako. Matan da suka daɗe suna yi mata dariya suka soma zuwa da kwandunansu ran Litinin, kowa da jarkar ruwanta, ana haɗa farare da farare. Ba ta ce musu kome ba, amma an lura ta yi wa injin sabon fenti a ƙafafu.

A damanar nan marar ruwa ne aka kawo mata jikanyarta hutu, yarinya ƴar shekara shida. Ɗiyar ta kafa sharaɗi ɗaya tun a bakin mota. Ta ce, "Mama, ran Litinin kada ta sauka ɗakin wanki. Ki yi mini alkawari." Uwar ta ce ta ji. Ɗiyar ta ce, "Ba ji na ce ba. Dubi hannunki." Uwar ta ce ta yi alkawari.

Litinin ta farko ta kulle ƙofa. Da ta ɗaga kai sai ta ga fuskar yarinyar manne da taga, idanunta a kan gungumen nan, irin kallon da ta sani sarai, don ita ma ta taɓa yin sa. Litinin ta biyu ta buɗe ƙofar. Ta ɗauko karas mai kauri kamar yatsan babba, ta ce wa jikar ta duba, ta miƙa wa mamatsi. Ya fito ta can a farfashe, ruwansa na ɗiga. Ta naɗe hannun rigarta ta ɗora tabon kusa da shi. Sa'an nan ta kashe injin, ta ɗora yarinyar bisa akwati, ta sa ta daki sandar ceto, sau ɗaya, sau biyar, sau ashirin, har ta iya raba gungumen da bugu guda. Aikin da ta ba ta bayan haka shi ne tsayawa ta bayan mamatsi, inda tufafi ke fitowa, tana tara su cikin kwando.

A haka ɗiyar ta iske su, ta zo ba zato da tsakar rana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun yarinyar, ta tattara kayanta, ta tafi. Wata biyu ba ta buga waya ba. Tsohuwar tana da hujjarta, cewa ƙofar da aka kulle ba ta hana yaro sha'awa, kuma ita kanta rashin sani ne ya cuce ta. Hujja ce mai ƙarfi. Amma ta yi alkawari ta saɓa, kuma hannun da ta yi caca da shi ba nata ba ne. Da suka shirya daga baya, ba wadda ta ce ta yi kuskure. Ɗiyar ta kawo wani makaniki ya ɗaura wa injin abin takawa irin wanda kamfanin ya sa wa na baya-bayan nan, wanda mamatsi ba ya juyawa sai ƙafa na kansa. Tsohuwar ta yi gunaguni ta ce yana rage mata sauri, amma ba ta cire shi ba.

Shekaru suka ci gaba. Abin da ke lalacewa a injin nan bai wuce igiyar roba da ke juya shi ba, da gungumen in sun tsufa, da man da yakan ɗiga ta ƙafa ɗaya; mijinta da sifana biyu yake gyara su, bayan rasuwarsa ita ta karɓa. Da kantunan gari suka daina ajiye kayan gyaransa, sai ta koma saye wurin ƴan Amish na yankin Kalona. Su Kiristoci ne, asalinsu daga Suwis da Jamus, sun zauna a yankin tun 1846, ba sa jan wayar kuran zuwa gidajensu, kuma da keken doki suke tafiya. A wurinsu injin mai matsewa bai tsufa ba: sukan cire moter ɗin lantarki su ɗaura mai esansi ko mai aiki da matsattsiyar iska, kuma suna da masu gyara da suka san kowace ƙusa ta jikinsa.

A 2006 kamfanin Whirlpool ya saye Maytag, a 2007 aka rufe masana'antar Newton. Ba a daɗe ba gwiwoyin tsohuwar suka kasa matakalar ɗakin wanki, ɗiyar ta ɗauke ta zuwa gari, aka sa ranar gwanjon kayan gida kamar yadda ake yi a can in an tashi daga gona. Aka fito da kome tsakar gida. Sabon injin nan fari, wanda bai yi wanki goma ba, robobinsa sun bushe don zama, ya tafi a kuɗin tsohon ƙarfe. Tsohon kuwa mutum uku suka yi ta ƙari a kansa, ya faɗa hannun wani saurayi ɗan Amish mai hular kaba, wanda ya ce aure zai yi bayan girbi.

Tsohuwar tana zaune a kujera ƙarƙashin itace, ba ta tashi ba. Saurayin ya durƙusa ya leƙa gindin injin, ya nuna inda zai kwance moter ɗin ya ɗaura na esansi. Ya shafa gungumen, ya tambaya ko sandar ceto tana aiki. Jikar, wadda ta zama babbar mace da nata goyon, ta miƙa wa uwarta jaririn, ta matso ta ɗaure gungumen tam, ta daki sandar da tafin hannu, suka rabu da ƙara guda. Saurayin ya gyaɗa kai, ya ƙirga kuɗi, shi da ƙanensa suka ɗora injin a bayan keken doki suka ɗaure da igiya. Tsohuwar ta kira shi, ta miƙa masa sandar tsamo kaya, wadda ruwan zafi ya mai da ita fara sol, ta ce wannan ba ta cikin ciniki, ya kai wa amarya.